Gonar Aro Ba Ta Zama Gado: Ƙaurar Ayyukan Al'adu Zuwa Dandalin Intanet

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tarurrukan ƙungiyoyin raya al'adu na gundumomin Magarya da Dungas. Ana jin ta a bakin samari masu manyan wayoyi, ana jin ta a bakin wasu shugabannin ƙungiyoyi, har ma da wasu malaman makaranta waɗanda ya kamata a ce su ne masu tankaɗe magana su rairaye ta kafin ta isa kunnen jama'a. Maganar kuwa ita ce, wai lokaci ya yi da za a kwashe duk abin da aka tara, wato wasannin kwaikwayo da waƙoƙin noma da na biki da tatsuniyoyi da kirarin ƴan kokowa da littattafan hikaya, a kai su YouTube da ire-irensa, domin can ne kuɗi yake. Wai wanda ya tsaya ga rediyon karkara da dandalin makaranta da takarda, jirgi ya bar shi a tasha. Masu wannan kira suna faɗin sa da zumuɗi irin na wanda ya tsinci dami a kala, kuma duk wanda ya nemi a dakata a yi lissafi sai a kira shi ɗan gargajiya ko mai baƙin ciki.

Wannan maƙala ba ta jayayya da cewa mai fasaha ya cancanci cin guminsa. Tun fil azal makaɗi yana karɓar riga da doki da dami, marubuci yana sayar da littafinsa, ɗan wasa yana jiran ladan dariyar da ya bayar, babu kuma abin kunya a ciki. Abin da take jayayya da shi shi ne wannan ƙaura ta ido rufe, wadda ake yi ba takarda, ba shaida, ba ajiyar asali a gida, bisa alkawarin kuɗin da mafi yawan masu ƙaurar ba za su taɓa gani ba. Idan har za a tashi daga gida, to ya wajaba a san gidan wa za a sauka, da kuma sharaɗin da mai gidan ya gindaya.

Darasin gona da darasin gyaɗa

Mutumin Magarya ba baƙo ba ne ga bambancin da ke tsakanin gonar gado da gonar saye da gonar jingina da gonar aro. A ƙidayar jama'a ta 2012 gundumomin nan biyu, waɗanda aka raba a 2011, sun haura mutum dubu 900 a haɗe, ga shi ƙasar noma ba ta ƙaruwa, saboda haka babu ƙauyen da bai san shari'ar gona ba, daga Bande zuwa Wacha, daga Dogo-Dogo zuwa Malawa. Kowane manomi ya san cewa mai gonar aro ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, ba ya zuba takin shekara biyar, domin ranar da mai gona ya ce yana son abinsa babu alƙalin da zai hana shi. Wannan ne ma ya sa tun bayan dokar karkara ta 1993 aka kafa hukumomin ƙasa da ake kira Cofo, don a riƙa rubuta aro da jingina da saye a takarda. Abin mamaki shi ne, mutanen da ba za su yarda su ba da kadada ɗaya aro ba sai da shaidu, su ne suke miƙa aikin shekara talatin na ƙungiyarsu ga wani kamfani da ke bayan teku, ta hannun wani saurayi, da fatar baki kawai.

Dattawan yankin kuma ba su manta da zamanin gyaɗa ba. A shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba a cikin abin da Nijar take fitarwa waje, ƙasar Magarya da Matamaye na cikin cibiyoyinta, kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 shi ke riƙe da cinikinta, a Magarya ma har masana'antar matse mai aka gina. Manoma da dama sun rage gero sun ƙara gyaɗa saboda tana kawo kuɗi a hannu. Sai dai sikeli ba nasu ba ne, farashi ba su ke yanka shi ba, kasuwar kuma tana wata nahiya. Da fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, sai aka wayi gari wanda ya tsira shi ne wanda bai wofintar da rumbun geronsa ba. Ba laifin gyaɗa ba ne, kuma wanda ya noma ta bai yi wauta ba. Wauta tana ga wanda ya mayar da dukan gonarsa ga amfanin da wani ke auna shi, wani ke sa masa kuɗi. Abin da ake kiran ƙungiyoyin al'adu su yi ke nan a yau, sai dai an sauya sikeli da na'ura mai ƙirga masu kallo.

Lissafin da ba a faɗi a wurin taro

To, a ajiye zumuɗi a ɗauki alli. Kamfanin YouTube ya fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo a 2007. Tun 2018 sharaɗin samun rabo daga tallar dogon bidiyo shi ne tasha ta tara masu bibiya 1,000, kuma a kalle ta na tsawon sa'a 4,000 cikin wata goma sha biyu. Sa'a 4,000 daidai take da minti 240,000. Wasan kwaikwayo mai minti 20 yana bukatar a kalle shi daga farko har ƙarshe sau 12,000 kafin a kai bakin ƙofa, ba a ma shiga ɗaki ba tukuna. Idan an shiga, kamfani yana riƙe kashi 45 cikin ɗari na kuɗin talla, yana ba da kashi 55, kuma ba ya aiko da ko dala sai abin da aka tara ya kai dalar Amurka 100. Darajar tallar kanta ta dogara ne ga ƙasar da mai kallo yake zaune: idon mai kallo a Faransa ko Amurka ya fi na mai kallo a Sahel tsada nesa ba kusa ba, domin ƴan kasuwar can sun fi biya.

Ga kuma abin da masu kiran ƙaura suke tsallakewa da sauri: wannan tsari na rabon kuɗi ba a kowace ƙasa yake aiki ba. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da aka buɗe wa shi, Gana da Senegal suna ciki, Nijar ba ta ciki. Bugu da ƙari, tun 2021 ƙa'idojin kamfanin suka ba shi damar sa talla a kan bidiyon tashoshin da ba su cikin tsarin rabo, ba tare da ya biya mai tashar komai ba. Ma'ana, ƙungiyar da ta ɗora wasanta daga Dungas da sunanta da adireshinta na gaskiya tana iya ganin talla tana gilmawa a kan aikinta, kuɗi yana shiga, amma ba aljihunta ba. Tsarin da TikTok yake biyan masu ɗora bidiyo gwargwadon yawan kallo shi ma ƙasashe ƙalilan ya shafa, Nijar ba ta cikinsu. Wanda duk ya tsaya gaban taron ƙungiya ya yi alkawarin kuɗi bai ambaci wannan ba, ko dai bai sani ba, ko kuma ya sani ya ɓoye, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da ya dace a damƙa wa amana.

Akwai wani ɓangare na lissafin da ya fi wannan ciwo. Yaya mutanen karkarar Magarya suke kallon fim da sauraren waƙa? Mutum ɗaya mai data yake saukowa da abu, ko kuma a je rumfar masu tura waƙoƙi a cika katin waya, daga nan abin ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, a majalisa, a gindin rijiya, a zauren mai gari, a cikin mota ranar kasuwa. Mutum ɗari sun kalla sun yi dariya sun haddace, amma na'urar kamfani mutum ɗaya ta ƙirga. Wato jama'ar da aka yi wasan dominsu, waɗanda harshensu da matsalarsu suke cikinsa, ba su da nauyi ko kaɗan a kan wannan sikeli. Ƙungiyar da ta mayar da ƙirgar na'ura ma'aunin nasararta ta riga ta yanke wa kanta hukuncin juya wa mutanenta baya, ko ta yi niyya ko ba ta yi ba.

Kura da shan bugu

Da yake ƙofar gaba a rufe take, sai aka koma ta baya. A nan ne dillali yake shigowa. Yana da asusun banki a Kano ko Katsina ko Daura, yana da tasha da aka yi wa rajista a Najeriya, sai ya ce a kawo kaya ya ɗora, in kuɗi ya fito a raba. Ba duka dillalai ne macuta ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma a duba yadda tsarin yake tsaye: tashar da sunansa take, kalmar sirri a kansa take, shi kaɗai yake ganin shafin da ake nuna abin da ya shigo, kuɗi a asusunsa yake sauka. Abin da ya ce an samu shi ne aka samu. Idan aka ɓata, shi zai tafi da tasha da masu bibiyarta da dukan bidiyon da ke cikinta, ƙungiya kuwa ta tashi da tunanin baya. Mafi muni, idan ya yi wa waƙa rajista a na'urar da ke gane mallakar sauti, to ranar da mawaƙin ainihi ya ɗora waƙarsa da hannunsa, shi za a tuhuma da amfani da kayan wani, idan kuma dillalin ya nemi a cire bidiyon sai a aika masa gargaɗin satar fasaha, kuma gargaɗi uku cikin kwana 90 sun isa a rufe tasha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko da dillali ya cika amana, hanyar kuɗin tana ratsa iyaka, kuma mutanen Magarya sun fi kowa sanin halin iyaka. Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumin da ya tsayar da zirga-zirga da hada-hadar kuɗi har zuwa Fabrairu 2024. A tsakanin nan naira, wadda take wajen 460 a dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnati kafin Yuni 2023, ta zarce 1,500 a farkon 2024. Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Maigatari ya ji wannan a jikinsa. Ƙungiyar da ta rataya abincin ƴan wasanta ga kuɗin da zai taso daga Amurka, ya sauka a bankin Kano, a juya shi naira, a sake juya shi sefa, ta rataya shi ne ga igiya huɗu waɗanda babu ko ɗaya a hannunta.

Gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta

Ba sai an yi duba ba kafin a san ƙarshen wannan hanya, domin maƙwabta sun riga sun bi ta. Marubutan hikaya na Kano, waɗanda suka cika kasuwa da littattafai tun daga shekarun 1980, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, sun gina masu karatu har cikin Damagaram da Maraɗi da takarda mai arha. Da takarda ta yi tsada, waya ta yawaita, sai ƴan baya suka ƙaura: wasu zuwa Wattpad, wasu zuwa zaurukan WhatsApp inda ake biya kafin a shiga, wasu zuwa OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wadda marubutan Hausa, musamman mata, suka yi wa rubdugu. A ƙarshen Nuwamba 2023 OkadaBooks ya rufe. Marubuciyar da ta shekara da shekaru tana tara masu saye a can ta wayi gari ba rumfa, ba jerin sunayen abokan cinikinta. Wattpad kuwa, wanda rubutun kyauta na miliyoyin matasa ya ɗaukaka, an sayar da shi ga kamfanin Naver na Koriya ta Kudu a 2021 a kan kimanin dalar Amurka miliyan 600, kuma kuɗin cinikin masu hannun jari ne suka raba. A zaurukan WhatsApp ma kukan marubuta ɗaya ne: mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya watsa, ko kuma wani ya karanta littafin da murya ya ɗora a tasharsa ya ci kuɗin talla.

Masu cewa intanet ba ya mantuwa su ma sai su saurara. A 2019 kamfanin Myspace, wanda a zamaninsa shi ne babban dandalin mawaƙan duniya, ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi kimanin miliyan 50 da aka ɗora masa cikin shekara goma sha biyu, kuma asarar ta faru ne a lokacin da yake kwashe kayansa daga tsofaffin na'urorin ajiya zuwa sababbi. Ƙaura ce ta cinye su. Idan haka ta faru ga kamfanin da ya mallaki injiniyoyi da dukiya, ina ga ƙungiyar ƙauye da ta ɗora muryar wata tsohuwa mai waƙar daka, sannan ta goge asalin daga waya don a samu wurin sabon ɗauka? Tsohuwar ta rasu, tashar ta rufe, waƙar ta bi su. Kaset ɗin da ke cikin akwatin wani malami a Sasumburum, duk da ƙurar da ya sha, ya fi wannan aminci.

Abin da kuɗin talla yake yi wa harshe

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar malamai. Mai biyan makaɗi shi ke zaɓar kiɗa, kuma a wannan kasuwa mai biya shi ne yawan masu kallo na nesa. Saboda haka shawarar dillali ba ta sauyawa: a cire lakwal a sa makarantar boko, a cire mushe a sa tica, a daina ƙirga kuɗi da jika da dala a koma naira, a gyara lafazi ya yi kama da na finafinan Kano, a bar maganar jinginar gona da ta ci-rani da ta yarinyar da aka cire daga aji, a kawo kishiya da attajiri da mota. A ja labarin da zai ƙare a zama ɗaya ya kai kashi arba'in, a sa hoton da zai ja ido ko da ba shi cikin wasan. Babu mai ƙin Hausar Kano, ita ce ginshiƙin daidaitacciyar Hausa, kuma masu fim na can sun yi aikinsu: shiri irin Izzar So, wanda ya fara fita a YouTube a 2020, ya nuna cewa mai jari da ma'aikata da miliyoyin masu kallo a bayansa yana iya cin wannan kasuwa. Amma ƙungiyar Magarya da ta bar muryarta ta ari ta Kano ba za ta zama Kano ba, za ta zama kwafi mai rauni na abin da Kano ta fi ta iyawa, ta kuma rasa abu guda da babu mai shi sai ita.

Abin takaici shi ne lokacin da wannan yake faruwa. A jahar Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. A nan ƴan wasan rediyo irin su Yazi Dogo suka nuna cewa Hausar Nijar tana iya ɗaukar wasan kwaikwayo mai sa dariya da sa tunani, a nan Ma'azu Ɗan Alalo ya yi waƙoƙinsa. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To, da me za a koyar da wannan harshe? Malamin da ke gaban aji yana bukatar nassi: tatsuniya da aka rubuta, wasa da aka buga, waƙa mai sunan mai ita da garinsa da shekararta. Idan duk abin da yankin ya haifa yana cikin tashar wani, a bayan kuɗin data, an goge masa lafazi, an yayyanka shi da talla, to za a wayi gari harshen yana da matsayi a takardar gwamnati amma ba shi da kayan aiki a cikin aji.

Hujjar masu ƙaura

Adalci ya sa a saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da abin faɗi. Suna cewa: a zamanin kaset da faifai ma wa ya biya mawaƙin ƙauye? Masu kwafi sun ci, ƴan kasuwa sun ci, shi ya tashi da suna kawai. Suna cewa gidajen rediyo suna sa waƙa dare da rana ba su ba da ko goro ba, ƙungiyoyi kuma sun gaji da jiran tallafin da ba ya zuwa. Suna cewa ƴan ci-rani da ke Libiya da Aljeriya da Legas da Abija suna ƙishin jin muryar gida, kuma ta wannan hanya kaɗai za ta isa gare su. Duk wannan gaskiya ne. Amma tsohuwar cuta ba ta halatta sabuwa, kuma isar da murya ga ɗan ci-rani ba ya bukatar a sallama mallaka. Ana iya kai kaya kasuwa ba tare da an sayar da rumbu ba.

Misalin da suka fi son kawowa, wato na mawaƙan Nijar da duniya ta sani, idan aka duba shi da kyau ba ya goyon bayansu. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jahar Tawa, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo a katin waya a faɗin Sahel ba tare da ya samu komai ba. Abin da ya sauya rayuwarsa shi ne lokacin da Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar da su a 2011, ya bi sawu ya nemo masu su, aka sa sunayensu, aka ba su rabonsu. Daga nan aka san wanda za a gayyata, aka san wanda za a biya. Suna da yarjejeniya ne suka yi aiki. Waƙar da ta yaɗu ba sunan mai ita, ko da ta kai ƙarshen duniya, ba ta ciyar da kowa a gidansu.

Abin da ya kamata ƙungiyoyi su tsaya a kai

Ba a ce kada a shiga intanet ba. An ce a shiga kamar yadda ɗan kasuwa mai hankali yake shiga baƙuwar kasuwa, da samfuri a hannu, da jari a gida. Na farko, duk abin da aka ɗauka ko aka rubuta a ajiye asalinsa a wuri biyu aƙalla, ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a ɗakin karatu na makaranta ko gidan matasa da al'adu, tare da rajista a littafi: wa ya yi, a wane gari, a wace rana. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da cibiyoyin IRSH da CELHTO na Yamai, waɗanda tattara adabin baka yana cikin aikinsu, wurare ne da ya dace a nemi su karɓi kwafi. Na biyu, duk tashar da za a buɗe ta kasance da sunan ƙungiya, kalmar sirrinta a hannun zaɓaɓɓun mutum biyu, kuma a riƙa karanta lissafinta a gaban taro kamar yadda ake karanta na asusu.

Na uku, idan dole sai an bi ta hannun dillali, a rubuta yarjejeniya da Hausa, da shaidu, mai wa'adi, wadda ta faɗi kason kowa, ta ba ƙungiya ikon ganin shafin kuɗi da idonta, ta kuma bayyana cewa aro aka bayar, ƙungiya tana da ikon ɗora aikinta a duk inda ta so. Na huɗu, a kai ayyuka hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, wato BNDA, a yi musu rajista kafin su fita. Dokar 2010 ta haƙƙin mawallafa ta haɗa har da kayan al'adun gargajiya, saboda haka waƙar kaka ba tsintuwa ba ce da kowa zai ɗauka ya yi ciniki da ita. Na biyar, kada a ɗauki muryar dattijo ko ta mace a ɗora sai an gaya musu inda za ta je, sun yarda, an kuma yanka musu kasonsu.

Na shida, kuma shi ne mafi muhimmanci, a koma ga kasuwar da ke bakin ƙofa. Tikitin wasa a dandalin gari, daren al'adu a makarantu, yarjejeniya da gidajen rediyon karkara ta yadda mai talla na gida zai ɗauki nauyin shiri, ciniki kai tsaye da masu rumfunan tura waƙoƙi a ba su sabon aiki su biya wani abu, ƙaramin littafi da makarantu za su saya, gudummawar ƴan ci-rani ta hanyar Nita ko Amana wadda take sauka a hannun ma'aji da sefa: kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaɗan ne, amma ana ganin sa, ana ƙirga shi, kuma babu wanda zai sauya ƙa'idarsa da dare daga wata nahiya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Hukumomin al'adu da na sadarwa su ma suna da nasu nauyi: ƙasar da ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa ya kamata ta nemi manyan kamfanonin nan su buɗe wa ƴaƴanta ƙofar da suka buɗe wa maƙwabta, maimakon a bar kowane mai fasaha yana neman wanda zai ara masa adireshi.

Malaman makaranta kuwa, su ne suka iya karanta ƙa'idojin nan da aka rubuta da Faransanci da Ingilishi, waɗanda jama'a suke danna amincewa da su ba su san abin da ke ciki ba. Su ne sakatarorin ƙungiyoyi, su ne masu rubuta wasanni, su ake tambaya idan takarda ta zo. Malamin da ya zauna a taro ana yanke shawarar miƙa kayan ƙungiya bai buɗe baki ya tambayi sunan wa tashar za ta ɗauka ba, ina asali zai zauna, wa zai ga lissafi, ya yi sakaci da amanar da iliminsa ya ɗora masa. Tambayoyin nan uku ba su bukatar jari ko izinin kowa. A yi su a taro na gaba, a rubuta amsoshinsu a littafin ƙungiya, kuma kada a miƙa ko faifai ɗaya sai an sa hannu.